Sunan da Baba Ba Ya Kira

Djougou, daren Alhamis

Yau Idrisu ya iso daga Parakou a motar shanu. Shi ne ɗan da Baba ya haifa can kafin ya auri Inna, ba mu sani ba sai bayan rasuwarsa. Liman ya ce Idrisu ne zai ba da aurena ga Musa. Raina ya ɓaci. Jiya baƙo, yau waliyyi?

Na kai masa sakwara ina ɗaure fuska. Bai ci ba. Ya ce, "Ladi, ke kin ji daɗi. Ni ina yaro ya bar ni, ban san ko ya ƙara tunawa da ni ba."

Tun ina ƙarama mata ke mamakin yadda Baba ke kiran sunana gatsau, babu kunyar 'yar fari. Amma akwai wani Idrisu, mahaucin unguwarmu, har Baba ya rasu "Mai nama" yake ce masa. Ashe kunyar ɗan farinsa yake ji daga nesa.

Na gaya masa. Sai ya jawo kwanon ya fara ci.

Da zai tafi masauki na ce, "Sai da safe, Yaya." Bakina bai ko yi nauyi ba.