Hoton Lagdo da Ba Shi da Kai

Zuwa ga ƙanena Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake na san ba amsawa za ka yi ba, kuma takardar nan ba inda za ta je. Da ajami nake rubutawa, shi kaɗai na iya. Ko kana raye ma sai ka nemi mai karanta maka, kai da ka yi lekol, makarantar boko.

Gida lafiya. Ruwan Binuwai ya ja baya, yashi ya fito a ƙarƙashin gada. Ɗana Sani yana nan a teburina na kasuwa, yana yanka nama kamar mai faskare. Na daina zuwa don kada in yi magana. Matarka ta fita takaba. Hadiza ɗiyarka cikinta ya tsufa, ana sa ran haihuwa kafin damina. Ni kuma ina ci, ina salla, ina zama a ƙofar gida. Masu zuwa gaisuwa suna cewa na yi haƙuri ƙwarai. Ba haƙuri ba ne, Habu. Ba na jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Wa ya ce ka riga ni? Ni ne babba. Ko a nan ma sai da ka shiga gabana?

Bara war haka muna hanya. Ka ajiye aikin biro, wato ofis, a kamfanin auduga, ni ma na miƙa wa Sani wuƙa. Na ɗauka zama za mu yi kamar sauran tsofaffi. Sai ga ka da kamara rataye a wuya, wai sai ka ɗauki hoton duk wanda ya haɗa jini da mu kafin a ƙare. Ka zo ka tasa ni gaba saboda ni na san gidajen dangi. Kai shekara da shekaru biro ka sani. Ban faɗa maka ba a lokacin, yanzu na faɗa.

Mun sha zaman ƙaramar mota, gwiwa a ƙirji. Mun je Mayo Ulo wurin 'ya'yan kawunmu masu fatauci, ka jera su a gaban buhunansu, ka sa tsoho ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa. Ka ɗauki suna, ka ɗauki biki, ka ɗauki jariran da ba su san ana yi ba. Ka tsayar da mai moto, ɗan acaɓa, a kan gada don dorina ta ɗago kai, muka tsaya cikin rana har ta ga dama. Ka ɗauki kwata da safe, wurin da a da kake kauce wa hanyarsa idan kana tare da abokan aikinka. Ka zaci ban lura ba? Na lura.

Ni kaɗai na hana ka. Duk sanda ka juyo da ita wajena sai in ɗaga hannun riga. Ka zaci tsoron Allah ne. Ba shi ba ne. Baba ya kai ka lekol, ni ya kai ni kwata, kuma ban ga dalilin da zan tsaya ƙiƙam kana ce mini in ɗaga haɓa in kalli nan ba. Shi ke nan dalilin. Ba wani babba ba ne, amma nawa ne.

Sai ranar Lagdo. Ka tuna? Mun je wurin Goggo Mairo, inda take bandar kifi a bakin ruwa. Hayaƙi ya cika mana ido. Bayan ka gama da ita da jikokinta, ka cire igiyar kamarar daga wuyanka ka rataya mini, ka ce ni ma in ɗauke ka ko sau ɗaya. Ka riƙe wani babban kifi da hannu biyu, ka tsaya, ruwa a bayanka. Ba ka nuna mini komai ba, ka dai ce in danna. Na danna.

Da ka duba sai ka fashe da dariya har kana riƙe ciki. Daga wuya zuwa ƙasa na ɗauka. Ka kira masunta ka nuna musu, ka ce mahauci ko kamara aka ba shi sai ya cire kai. Kowa ya yi dariya, har Goggo Mairo da ba ta da haƙori. Ka ce in sake. Na cire igiyar na miƙa maka, na ce ni ba yaron gidan hoto ba ne. Har muka iso Garuwa ban yi maka magana ba. Ka sayo mini soyayyen kifi a tasha, na ci, amma ban yi magana ba.

Har yau ina ganin bai kamata ka kira masuntan nan ba.

Da zafi ya shigo ka faɗi a tsakar gida, aka kai ka asibiti, ba ka dawo da ƙafarka ba. Ni na yi maka wanka. Ni na rufe maka ido, na ɗaure maka haɓa. Ba wanda ya kalli fuskarka a ƙarshe kamar ni.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hadiza ta zauna ta bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, tana neman fuskarka don ta ajiye wa abin da za ta haifa. Kowa yana ciki. Dorina ma tana ciki. Kai ba ka ciki. Kullum kana bayan kamara, kuma ba wanda ya yi tunanin karɓa. Tsofaffin hotunanka ruwa ya ci su shekarar da ɗakinku ya yi yoyo. Saura na katin shaida, ɗan mitsitsi, da hatimi a kan kumatu, kana zare ido kamar wanda aka kama. Sai kuma nawa na Lagdo.

Ta kawo mini shi a waya. Na ga rigarka mai ruwan toka. Na ga hannuwanka, da tabon da wuƙata ta yi maka a babban yatsa muna yara. Na ga kifi. Na rufe ido don in ɗora kan a bisa wuyan, ya ƙi zuwa. Ina jin dariyarka sarai, ina ganin hularka, amma tsakanin hula da wuya babu komai. Habu, wata nawa aka yi? Yaya mutum zai wanke fuska da hannunsa, ta kuma ɓace masa?

Shekaranjiya Hadiza ta dawo da kamararka a jaka. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe tana kewaye-kewaye, sannan ta ce kowa ya san duk dangi ba mai kama da kai kamar Baffanta, wato ni. Goshin ɗaya, hancin ɗaya. Tana so ta ɗauke ni, in yaron ya girma ta ce masa kusan haka kakansa yake. Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi, amma ta bar jakar a kan tabarma. Halinka ta ɗauko.

Yau da hantsi na aika aka kira ta. Na sa farar riga. Ta zo da hularka, wadda ka sa a Lagdo, ta ɗora mini. Na zauna a kan benci a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Ta ce in ɗaga haɓa, na ɗaga. Ta ce in kalli nan, na kalla. Ta ce in ɗan karkatar da kai yadda kake yi in ana maka magana, na karkatar. Murmushi ne ban yi ba, ka san ba na yi. Da ta duba sai ta juya baya, tana share ido da bakin mayafi. Ta miƙo mini in gani, na ce ta bari sai wani lokaci.

Na ce ta wanke mini na Lagdo a takarda, babba, in ajiye a ɗakina. Ni na ɗauka, ba wanda zai goge shi.

Ka samu abin da ka bi ni shekara guda kana nema. Da ka jira kaɗan, da kai za ka danna.

Hular tana kaina har yanzu, Hadiza ta hana ni mayarwa. Hular ta matse ni. Ashe duk karatun nan kanka bai kai nawa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu inda zan gane ka.

Yayanka,
Ɗanjuma mahauci, Garuwa