Zanen Iya Dije

Tudun Wada, 9 ga Maris, 1998

Aminina Balarabe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya Maijidda da yara? Ina fata ƙafar Inna ta yi sauƙi. Mu ma kalau, sai abin da ba a rasa ba.

Bayan haka, kai dai Allah ya shirye ka! Littafin koyon haɗa hoto da ka ba ni ya jefa ni a rijiya. Na furogiram ɗin kwamfutarku ne ta Kano, namu na nan daban ne, ko sunayen maɓallan ba su zo ɗaya ba.

Akwai wani masunci, Maikano, cikin mutanen da aka tasa lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu. Mahaifiyarsa Iya Dije tana so ta ga kanta tsaye a ƙofar gidansu na da kafin ta cika. Hoto ɗaya tak ya rage musu na gidan. Ni da shegen bakina na ce abu mai sauƙi. Na bi littafinka tiryan-tiryan: na kafa shuɗin yadi a bayanta, na ɗauke ta a bidiyo, don kwamfuta ta goge shuɗin ta sa hoton gidan a gurbinsa.

Ashe zanenta da mayafinta duk shuɗin saƙi ne, rinin marinar tsohon garin nasu. Wallahi ban lura ba. Ina goge yadin sai zanen ya bi shi. Fuska da hannaye kawai ke reto a ƙofar gida! Littafinka ya ce a zagaye mutum da layi don tufafinsa su tsira. Kwana shida ina neman layin nan a namu, babu shi.

Sake ɗauka ba zai yiwu ba, ta kwanta ciwo, ko zama sai an tallafe ta. Maikano ya jingine komarsa, kullum yana kan bencin ƙofar shagona na hoto da bidiyo, ba ya cewa komai sai sannu da aiki. Ko masallaci zan je sai na tsallake ƙafarsa. Kunya da tsoro sun hana ni gaya masa, na rasa tudun dafawa. Don girman Allah ka tambayar mini maigidanka.

Naka har kullum,
Shitu

Tudun Wada, 17 ga Maris, 1998

Aminina Balarabe,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, amsarka ta iso, na gode. Maigidanka ya ce irin furogiram ɗinmu ba ya wannan aikin, sai dai in kawo kaset ɗin Kano in bi layi mako biyu. Ina muka ga mako biyu? Shekaranjiya Maikano ya ce Iya ta daina cin abinci, in kawo ko me na yi.

Ni da shi muka ɗauki talbijin da janareta muka tafi gidansu. Da hoton ya fito, matan gidan suka ɗauki salati, wata ma ta fice da gudu. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Iya kuwa ta sa aka matso mata da talbijin. Ko kallon fuskarta ba ta yi ba. Ta cikin inda jikinta ya kamata ya kasance a hoton ta riƙa nuna musu dakalin mijinta da turken akuyarta. Can ta yafito ni, na durƙusa, ina jiran faɗa. Sai ta roƙe ni, idan ba wahala, in cire fuskar ma, tana tare mata ƙofar zaure.

Na cire, Balarabe. Yau da safe na kai mata, ta gani.

Ka gaida Inna, ku sa Iya a addu'a.

Naka,
Shitu