Birin Shagon Ignatius

Suleja,
Satumba, 1995.

Maigidana Sila,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya gyambon cikin nan naka? Ina fata kana shan maganin da na aiko, ba ajiye shi ka yi a kan firji yana yi maka gadi ba. Yaya Legas, yaya kuma ma'aikatarku da ta shekara tana cewa wata mai zuwa za ta taso Abuja? Ni dai lafiya lau, sai godiyar Ubangiji.

Ka tambayi yadda nake zaune. Ina zaune kamar kowane ma'aikacin Abuja da albashinsa bai kai ya kwana a Abuja ba. Da safe in bi motar ma'aikata ta Madalla, da yamma in dawo in tarar da ɗaki yadda na bar shi. Tun da na tare a gidan nan ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata sai ɗan garuwa.

Shi ya sa na shiga zumuntar mata ta cocinmu. Kar ka yi dariya. Na san a jami'a ni ce mai cewa ba zan taɓa ɗaura zane iri ɗaya da mata hamsin ba. To, ran Alhamis da yamma akwai wurin da ake kiran sunana, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne. Shugabarmu Mama Maryamu ce, tsohuwar ungozoma, wadda rabin yaran unguwa ta hannunta suka shigo duniya, take kuma ganin har yanzu ba su fita daga hannun ba. Ba a ba ni zanen zumunta ba tukuna, sai an gwada halin mace. Ni da aikina gwaji ne, yau ni ake gwadawa.

Ga abin da ya taso. A bakin layinmu akwai wani ɗan Ibo, Ignatius, mai sayar da batir da kaset. Ya sa talabijin biyu a cikin shagonsa da akwatin wasan nan da ake jonawa, yara su biya su zauna su danna maɓallai. Wasa ɗaya ne ya tayar da hankalin iyaye. Wani biri ne a ɗakin gwaje-gwaje, ga mutane masu fararen riguna, kowa da allura kamar taɓarya. In suka soke shi sai ya koma kore ya faɗi, ƙafafu sama. Matan da suka leƙa daga ƙofa sun ce da birin ya faɗi sai yaran su kaure da ihu suna buga benci. Mama Maryamu ta ce yaron da ya saba azabtar da dabba a talabijin, gobe akuyar maƙwabta ce, jibi mutum. Maganar ba ta banza ba ce, ko da yake ta faɗe ta ne ranar da aka kawo mana kaji a babur, a ɗaure, kai ƙasa, ba kuma wanda ya buɗe musu aya.

Ni aka naɗa in je in gani da idona in kawo rahoto, tunda ni ce mai digiri. Sun san a wurin binciken magani nake aiki, suna kuma zaton ƙwayoyi nake ƙirgawa. Ban gyara musu zaton ba.

Ka gai da abokan zamanka. Ka rage yaji.

Taka,
Miriam.

Suleja,
Oktoba, 1995.

Maigidana Sila,

Ina gaishe ka da kyau. Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye, don ba ta kai ta zama ba. Na ji daɗi da ciki ya lafa. Allah ya ƙara sauƙi.

Na je shagon ran Asabar bayan la'asar. Ignatius ya ɗauka rufe shi na zo yi, sai Madam yake zuba mini yana goge benci da rigarsa. Na ce ya ba ni abin dannawar. Ya dube ni kamar na ce ya ba ni aron wandonsa, amma ya ba ni.

Sila, matan nan sun yi kuskure, irin na wanda ya tsaya a bakin ƙofa. Mai wasa ba shi ne mai allura ba. Mai wasa shi ne birin. Aikinka ka gudu, ka tsallake kwalabe, ka buɗe kejin zomaye a hanya, ka nemi ƙofar fita. Ihun da yaran suke yi na takaici ne, don an kama su. Ni ban wuce ɗaki na farko ba aka soke ni. Sai aka nuna mini maɓallin da zan danna, birin ya miƙe garau, kamar ba shi ne ya mutu yanzu ba.

Kai ka san aikina, amma ba ka taɓa tambayar yadda ranar ƙarshe take ba. Muna gwada sassaƙe da saiwoyin da masu maganin gargajiya suke ba mutane don zazzaɓin cizon sauro. Fararen ɓeraye muke ɗura wa. Makonni ina ciyar da su, ina auna su, har in san mai cizo da mai kwanciya a tafin hannu. In gwaji ya ƙare, a sa su barcin da ba tashi, in buɗe su in duba hanta da ƙoda. Ba na nadama. Gara a ga saiwa ta ƙone hantar ɓera da a gani a hantar ɗan wani. Hannuna bai taɓa rawa ba. Amma ban taɓa tsayawa a wancan ɓangaren allurar ba sai a shagon Ignatius, a kan benci mai ƙusa.

Na koma Asabar ta gaba, wai don in cika rahoto. Na koma wadda ta biyo ta, ban nemi dalili ba. Yanzu ina kaiwa ɗaki na huɗu. Yaran sun daina jin kunyata, suna yi mini tsawa in yi tsalle, ɗaya har ya ce hannuna kamar na mai tuƙin tuwo. Ban tuna ranar da wani ya damu da abin da hannuna yake yi haka ba.

Ran Litinin na daɗe a gaban keji ina kallon wani ɓera yana wanke fuskarsa. Daga baya na yi aikina.

Ka rubuto, ko da gajeruwa ce.

Taka,
Miriam.

Suleja,
Nuwamba, 1995.

Maigidana Sila,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta aiki, ina sanar da kai na kai rahotona, kuma matarka ta yi suna a Suleja.

An yi taron a ajin makarantar Lahadi, a kan kujerun yara, gwiwoyinmu a ƙirji. Na bayyana musu cewa yaran ceton birin suke yi. Na zaci magana ta ƙare. Sai Mama Maryamu ta ce to abin ya fi muni. Ta ce a aikinta ta ga rai yana shigowa, ta ga yana fita, ba ta taɓa ganin wanda ya fita ya dawo don an danna wani abu ba. Yaron da yake kallon mutuwa sau ashirin kafin magariba, kowane lokaci kuma a tashi, me zai ɗauki mutuwa? Na ce dai wasan ya sa ni tausayin da ban saba ji ba, ita kuma ta ce tausayin da ake biyan naira a ji shi, a bar shi a shago in wuta ta ɗauke, ba ta san inda za ta kai shi ba. Da a jami'a ne da na tafa mata.

Sai wata ta tambaya ko da gaske akwai irin wannan ɗaki a duniya, ko ƙaryar Turawa ce. Duk suka juyo gare ni. Na daɗe ina tsoron wannan tambaya. Na ce akwai, a irinsa nake aiki, farar rigar ma ina da ita, tana rataye a bayan ƙofa. Na gaya musu na ɓerayen, ban rage komai ba. Na zauna ina jiran su ja jikinsu daga kusa da ni.

Dariya suka yi, Sila, har da masu share hawaye da bakin zane. Wai gwamnati ta kai mace jami'a, ta ba ta mota safe da yamma, don ta yi kiwon ɓera ta kashe, abin da kyanwa take yi kyauta. Ɗaya ta ce in zo rumbunta a Tafa, akwai aikin shekara. Wata ta tambaya ko ana ba su madara, na ce wani lokaci, ta ce ita a ɗauke ta aikin ɓera. Kafin a tashi na zama Maman Ɓera. Birin talabijin ya sa su kuka, ɓera mai jini ya sa su dariya. Ni ma na yi dariyar, don ta fi abin da na zata sauƙi.

Ashe laifin yana gaba. Mama Maryamu ta tambaya, a hankali, sau nawa na je shagon kafin na gane duk wannan. Na faɗi gaskiya. Ga yadda suka ɗauki abin. An aike ni in leƙa sau ɗaya, ni kuma na mayar da wurin gidan Asabar, matar aure, miji yana Legas, a benci ɗaya da samarin unguwa, a shagon gwauro. Ba wadda ta zarge ni da komai. Cewa kawai aka yi ido ba ya ganin zuciya, benci yake gani. Wata daga baya ta ce da ina da ɗa da na fahimta. Wannan ta shiga, ban nuna ba.

An raba zanen bikin godiya ran Lahadi. Ban samu ba. An ce in dakata da zuwa ran Alhamis sai na tsaya gaban mata na tuba.

Kar ka damu, ba abin da ya same ni. In ka ji labarin ta wani bakin, nawa ne daidai.

Taka,
Miriam.

Suleja,
Disamba, 1995.

Maigidana Sila,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da shigowar watan Kirsimeti. Na ga takardarka, na kuma fahimta, aiki ya hana ka zuwa, hanya ba kyau, sai bikin Ista in Allah ya kai mu. Ban yi fushi ba. Ka ci abinci mai kyau ranar, kar ka wuni a kan burodi. Shawararka cewa in ba su haƙuri a wuce wurin, na gode, ina duba ta.

Ignatius bai jira hukunci ba. Ɗan kasuwa ne. Ya cire wasan birin ya sa na ƙwallon ƙafa, ya aika wa zumunta da lemo. Yanzu yara suna karya wa juna ƙafa a talabijin, kowa hankalinsa kwance. Da na wuce ya ce ya ajiye mini kaset ɗin in ina so. Na ce ba ni da akwatin, ba ni kuma da mai yi mini tsawa in yi tsalle. Ban taɓa ganin ƙofar fitar ba. Yaran sun ce akwai daji a bayanta.

Alhamis biyu na yi a gida. Na wanke abin da yake wankakke.

Sai ran Talata da yamma na ji ana sallama. Mama Maryamu ce da mata huɗu, cikin zanen zumunta, da littattafan waƙa. Ashe zumuntarmu tana da al'ada. In mace ta kauce, ba a barin ta. Duk mako sai an je gidanta a yi mata addu'a da nasiha har ta dawo hanya. Ran da ta tuba, an gama, sai a koma gaisuwar bakin coci.

Na rasa inda zan sa su. Biyu a gado, ɗaya a kan akwatinka. Na dafa shinkafa da wake, na soya kifin da na ajiye don zuwanka. Sun yi waƙa uku, sun roƙi Ubangiji ya raba ni da ruhun wasa, sannan aka kwance ɗankwali. Aka yi hirar tsadar manja, da wadda surukarta ta zo kwana uku ta shekara. Mai rumbun Tafa ta sa na ɗauko farar rigar, ta saka, ta bi sauran da cokali mai yatsu wai allura ce. Mama Maryamu ta duba labulena ta ce ɗinkin ya karkace, za ta zo da zare. Ta tambayi yadda ake sa ɓera barci, na gaya mata, ta ce aƙalla ba ya jin zafi, ya fi mutane da yawa da ta sani sa'a. Ba su tafi ba sai da aka kira magariba a masallacin layinmu.

A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta tambaya ko na shirya tsayawa gaban mata ran Alhamis. Ta ce abu ne mai sauƙi, kalma biyu, a ba ni zanena, su ma su huta da tahowa.

Na sunkuyar da kai yadda ya kamata. Na ce mata zuciyata tana da tauri, Mama, sai an ƙara mini addu'a. Ta yi ajiyar zuciya ta ce ba komai, ba a gaggawa da rai, za su dawo Talata.

In ka samu mai zuwa, ka aiko mini da manyan faranti guda shida.

Ka huta lafiya. Ubangiji ya tsare.

Matarka,
Miriam.