Tsiryar da Na Ƙi Rubutawa

Zuwa ga hasken idona, inuwar tsufana, amaryata ta shekara arba'in da ɗaya, wadda muryarta ta fi kukan kanari daɗi a kunnena,

Bayan gaisuwa mai yawa gare ki, da 'yarmu, da sabon jikan da ya ƙwace mini ke mako uku ke nan, ina da albishir, kuma ina da neman gafara.

Kin tuna safiyar nan, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da kika shigo da gudu daga wajen shanya, hannuwanki na ɗigar ruwa, kika ce kin ga tsirya a kan bishiyar bayan gida? Fuskarki tana walƙiya kamar rana bayan ruwan sama! Ni kuwa me na yi? Na gyara tabarau, na karanto miki dokata: tsuntsu ba ya shiga littafina na tsuntsayen da na gani sai na gan shi da idona daƙiƙa goma cur, na kuma tabbatar da alamu uku. Na sa fensir a gefen shafi na rubuta "ba a tabbatar ba". Ranar kika laƙaba mini Malam Ƙa'ida, kuma tun ranar kujerarki ta baranda take zaune babu kowa. Shayina bai taɓa makara ba, fara'arki ba ta ragu ba, amma kallon tsuntsaye kika bar mini ni kaɗai.

To, jiya da ƙarfe bakwai saura kwata, sai ga ta! Koriya shar kamar sabon ganye, baki ja, wutsiya doguwa siririya, a kan reshen nan na hagu da kika nuna mini. Ba ɗaya ba, biyu, suna gyara wa juna gashi kamar tsofaffin ma'aurata! Ya sanyin zuciyata, ni da ban taɓa ɗiga tawada a kan riga ba, na kifar da shayi a cinyata, na manta da agogo, na manta da madubin hange, na juya ina kiran sunanki. Kujera ce ta dube ni.

Ina amfanin tsuntsu ɗari da goma sha huɗu a littafi, in babu wadda zan taɓa wa hannu in ce dubi? Wane irin malami ne zai gaskata gilashi ya ƙaryata idon da ya zaɓe shi cikin samari? Ke kika yi gaskiya, ni na yi kuskure. Sai da na rubuta wannan jimla sau biyu a wata takarda don in tabbata hannuna bai yi gardama ba.

Na goge fensirin nan. Na shigar da tsirya da tawada, da kwanan watan da kika gan ta, ba na jiya ba. Dokar daƙiƙa goma tana nan ga kowa, ban da ke.

Ki dawo, kurciyata. Na lura suna leƙa wani rami a jikin bishiyar, ina kyautata zaton sheƙa za su yi, ko da yake ban tabbatar ba tukuna. Na share kujerarki, na matso da ita kusa da tawa. Layin da ake rubuta sunan wanda ya fara ganin tsuntsu a littafin kuwa na bar shi fari, domin ba hannuna ya kamata ya cike shi ba.

Naki, muddin idanun nan suna buɗewa da safe,

Malam Ƙa'ida