Inda Komadugu Ya Bi Dā

Diffa

Yaya Ilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali da mutanen Damagaram. Bayan haka, na samo tsohuwar taswirar Faransawa, wadda suka zana tafkin Cadi da fadamun kogin Komadugu. Ka san Kaka ya sayi ƙasarmu har bakin ruwa. To a taswirar, kogin ta bayan garkar maƙwabcinmu Zarami ya bi! Ke nan tattasan da yake nomawa tun dawowarsa daga Najeriya a ƙasarmu yake. Na nuna masa, ya yi mini dariya gaban mutane. Wallahi sai na karɓe ta.

Ƙanenka, Isma'ila

Damagaram

Isma'ila,

Wa'alaikumus salam, muna lafiya. Kai ɗan kanti ne, me ka sani a kwari? Kogin nan yawo yake yi, kuma manoman can inda ruwa yake yau suke ɗauka iyaka. Bature ya zana abin da ya gani ya tafi gida. Naɗe takardarka ka koma kanti. Allah ya sanyaya zuciyarka.

Yayanka, Ilu

Diffa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarka ta makara. Na ɗauki majiya ƙarfi muka je kafa turaku inda taswira ta nuna. Su Zarami suka taso mana da sanduna da adduna. An fasa mini kai, jini ya rufe mini ido. Ni kuma na sari ƙanen Zarami a hannu har ƙashi ya fito, muka cinna wa injin ban ruwansu wuta. Zarami ya ce, "Dole sai an mutu, Isma'ila?" Ranar tsinkar tattasai zan koma. Ka huta lafiya.

Isma'ila

Diffa

Yaya Ilu,

Ina gaisuwa. Ni ce Hanifa, matar ƙanenka. Isma'ila ya koma garkar, na riƙe masa riga ya fizge. An soke shi da mashi a ciki. Zarami da kansa ya goyo shi zuwa likita, a bayansa ya cika. Jandarma sun tafi da Zarami, rigarsa sharkaf da jini.

Tattasai ya nuna jawur, yana ruɓewa a tsaye. Matar Zarami ta aiko tana tambaya ko na yarda ta tsinka, 'ya'yanta ba abinci. Kai ne babba, Yaya. Ka zo.

Allah ya bar zumunci.

Hanifa