Hanjin Dogo da Tsohon Tawul

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da babansu.

Yaya, murar nan da ta kwantar da maigidana Dogo ta sake shi, tari ya tsaya, har mun fara murna. Sai kuma ciki ya ɗauka. Duk abin da ya ci wucewa yake yi. Mutumin da kika sani da cinye rabon mutum uku, yanzu wandonsa ma ba ya zama a ƙugu.

Likita ta ce ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai ta tsaya ba, ta taɓa bangon hanji. Wai cikin hanji kamar sabon tawul yake, da 'yan gashi masu tsotse abinci, nasa kuwa sun goge. Ni da na tsufa a wanki da guga, wa zai gaya mini halin tawul? In ya goge ya goge, sai dai tsumma. Na haɗiye tsorona, muka kamo hanyar gida.

Tun ranar nake guga kamar a mafarki. Da tururi ya tashi sai in gan ni cikin wani dogon lungu mai ɗumi, ina shafa bango ina neman laushi, babu. Jiya haka na ƙona rigar mutane. Tsoro nake ji, Yaya. Ki zo ki gan shi tun yana gane mutane.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ya yaran?

Da muka koma asibiti na kasa daurewa, na faɗa wa likita abin da ke cina. Ta yi dariya har da cire tabarau. Ashe wannan tawul ɗin shi ke saƙa kansa, gashin tohowa yake yi, muddin ana ba shi ruwan gishiri da sukari da abinci mai sauƙi kaɗan-kaɗan. Dogo kuwa ya sami abin tsokana, wai ashe har na ware shi don goge ƙasa.

Har yanzu tururi na kai ni lungun nan, sai dai bangon ya fara yi wa tafina cakulkuli.

Yau da safe na leƙa ɗaki na tarar da shi yana kokawa da bel, yana mita wai ya matse shi. A bakin ƙofa na zauna na yi kukan da na daɗe ina hana kaina.

A gaida kowa da kowa.

Taki,
Auta