Tsakanin "Na Tuba" da "Ina Tuba"

Mijina, masoyina, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani, mai bakin da ya fi zuma zaƙi ya kuma fi reza kaifi,

Wata bakwai ke nan ina ɗakin baƙi a gidan Yaya, tsakanin keken ɗinkinta da akwatunan da ba mai buɗewa. Ka ga dai ban mutu ba. Amma wa zai kira wannan rayuwa?

Ka tuna yammacin nan da ruwan sama ya tsare mu a barandar laburaren jami'a? Ka riƙa kwaikwayon tafiyar malaminmu na nahawu, hannu a baya, ƙirji a gaba kamar zakara, na yi ta dariya har takarduna suka zube cikin ruwa. Wayyo, ƙamshin ƙasar ranar! A raina na ce wannan bakin zan aura. Shi kuwa na aura. Ban yi lissafin cewa wata rana za a rasa malamin a dawo kaina ba.

Kai kaɗai na gaya wa yadda muryata ta maƙale a gaban babban taro, na bar takardata a kan tebur na fita da kuka. A kafaɗarka na faɗa. Bayan wata ɗaya na ji labarin a falonmu, da rawar muryar da komai, abokanka suna riƙe ciki. Gaskiya ka iya; har ni na gane kaina.

Duk lokacin da baƙi suka watse sai ka durƙusa ka ce ka tuba. Wa ya kai ka iya tuba? Idanu jawur, murya kamar kukan kurciya, fasto ma da ya gani sai ya yi hawaye. Amma aikina ke nan, ina koya wa ɗalibai cewa "na tuba" shuɗaɗɗen lokaci ne: an yi, an gama, an kakkaɓe gwiwa. Wanda Ubangiji yake nema lokaci mai ci ne. Mutum ya juya, gobe ma ya tashi a juye.

Ran Lahadi bayan sujada a coci ina jera littattafan waƙa a bayan taga, ba ka san ina nan ba. Abokanka suka kewaye ka a ƙarƙashin bishiya, suna roƙo ka ba su labarin Malama da taro. Na ga labarin ya taso maka har leɓe, na ga kafaɗarka ta fara shirin kwaikwayo. Sai ka haɗiye shi. Ka ce sirrin matarka ne, da ma can ba ka da izinin bayarwa. Suka ce ka zama tsoho, ba ka da daɗin hira, ka tsaya shiru ka shanye.

Ya hasken idona, wannan shirun! Ya fi mini duk wasiƙunka goma sha ɗaya, har da mai baitoci.

A can bayan taga na ga nawa laifin. Almasihu bai jira na gyaru kafin ya karɓe ni ba, ni kuwa na zauna wata bakwai da jan biro ina duba tubanka kamar takardar jarrabawa, ina kuma jin daɗin hakan. Sanyin bakina ma yana yanka. Bambancin kawai, ni ba na tara 'yan kallo.

Zan dawo ran Asabar da hantsi. Ina roƙonka, kada ka durƙusa, kada ka shirya jawabi. Ka buɗe ƙofa, ka karɓi akwati, ka ɗora ruwan shayi. In ya so ka yi mini tafiyar malamin nan, na yi kewarta.

Taka har ƙarshen numfashi, wadda take ƙaunarka, take kuma tuba, duka biyun a lokaci mai ci,

Malamarka